BAURERA: FUREN JEJI A INUWAR MAKARANTA

Sunan unguwarmu kaɗai ya isa shaida. Ƙauyen Alu ake ce mata, amma baƙon da ya shigo yau zai nemi ƙauye ya rasa. Gidaje sun haɗe da sauran unguwannin Tarauni har zuwa Gyadi-Gyadi, inda dā gonaki ne yanzu bulo ne da kwano. Ba ma kukan wannan, gama mu ma cikin gidajen nan muke kwana. Abin da muke so mu tuna wa masu karatu shi ne, sa'anda jeji ya ja da baya, ba itatuwa kaɗai suka tafi ba. Akwai ƙananan tsire-tsire masu fure da suke zaune a gindin itatuwan, waɗanda ba mai shuka su, ba mai ba su ruwa. Su ba a sare su da gatari ba, shi ya sa ba wanda ya ji ƙarar faɗuwarsu.

Ɗaya daga cikinsu muke so mu yi magana a kai a littafin wannan shekara, wato baurera. Dalilinmu biyu ne. Na fari, ƙungiyar matasa manoma ta makarantarmu ta dasa ta a gabashin tsamiyar da ke bayan ajujuwa, ta kuwa yi fure har baƙi suna tsayawa kallo. Na biyu, waɗansu iyaye sun ji cewa tsiron yana da dafi, suka tambaye mu ko daidai ne a ajiye irinsa inda yara suke. Tambaya ce mai kyau, ta kuma cancanci amsa a fili.

Wace ce baurera?

Mu da muka tashi a karkarar kudancin Kano, wajen Tudun Wada, mun san ta tun muna bin awaki. Da ruwa ya zauna sai ta fito daga ƙasa, siririya, mai laushin kara. Ba ta iya tsayuwa da kanta. Kowane ganye nata yana ƙarewa da ɗan zare mai lanƙwasa, da shi take kama reshen sabara ko geza ta hau, har ta fi tsayin mutum. Wajen watan Yuli zuwa Satumba take fure.

Furen ne abin mamaki. Yana rataye kansa a ƙasa, amma kunnuwansa shida sun juya sama, bakinsu a murɗe, kamar harsunan wuta. Ran da ya buɗe kore-kore ne mai ruwan ɗorawa. Bayan kwana kaɗan sai ja ya shigo daga sama, gindin yana rawaya, kafin ya bushe kuwa ya zama ja wur. A kara ɗaya za ka ga sabon fure da tsoho, kowanne da launinsa.

Kakanninmu sun dube ta da kyau kafin su sa mata suna. Ban da baurera, ana ce mata gatarin kurege, waɗansu kuma gudumar zomo. Wanda ya taɓa ganin saiwarta ba zai tambayi dalili ba: ƙahonni biyu ne da suka haɗu a gwiwa, kamar ƙota da ruwan gatari, daidai hannun ɗan kurege. Wani likita Bature mai suna J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewa, ya tattara sunayen tsire-tsire na Hausa ya buga su a 1916, ya kuma fitar da babban littafinsa a kan tsire-tsire masu amfani na Afirka ta Yamma a 1937. Daga bakin manoma da maharba da makiyaya ya ji sunayen. Abin kunya ne a ce sunan da baƙo ya ga ya isa a rubuta, jikokin masu shi ba su taɓa ji ba. Mun tambayi aji guda, ba ɗalibi ko ɗaya da ya san kalmar.

Masana kimiyya suna kiranta Gloriosa superba, sunan da Linnaeus, mutumin Suwidin, ya ba ta a 1753. Kalmar farko Latin ce, ma'anarta mai ɗaukaka. Duk wanda ya san abin da aka faɗa a kan furannin jeji da darajar Sulemanu cikin Matiyu sura 6, zai yi murmushi da jin wannan suna. Tana fitowa a yawancin ƙasashen Afirka masu zafi, da Indiya, da Siri Lanka. Ita ce furen ƙasa na Zimbabuwe, inda doka take kāre ta, ita ce kuma furen jihar Tamil Nadu a Indiya. A 1947, sa'anda Gimbiya Elizabeth ta Ingila ta cika shekara 21, 'yan makaranta na Rodeshiya ta Kudu, wato Zimbabuwe ta yau, suka haɗa 'yan kuɗinsu aka ƙera mata abin maƙalawa a riga na lu'ulu'u mai siffar wannan fure. Abin da waɗansu suka ga ya isa kyautar gidan sarauta, mu nan ciyawa muke ce masa, mu sa fartanya.

Fulawa da fure

Ku lura da yadda muke magana. Abin da aka saya a bakin titi cikin baƙar leda, shi ne fulawa. Abin da ya fito da kansa a bayan gari kuwa haki ne. Yawancin fulawar da muke ƙawata makarantu da majami'u da ita baƙuwa ce. Boganbiliya mai hawa katanga daga Amurka ta Kudu ta zo. Ko darbejiyar da muke sha wa inuwa 'yar Indiya ce, a 1928 aka fara dasa ta a lardin Barno. Ba mu ƙi baƙo ba, darbejiya ta yi wa Kano rana. Amma gidan da baƙi suka cika har 'yan gida suka rasa wurin shimfiɗa tabarma, akwai gyara a cikinsa.

Sa'an nan ga al'adarmu ta shara. Kowace safiya ɗalibai suna fitowa da tsintsiya, a share gindin kowane itace ƙal, a tara ganye a sa wuta. Tsabta abu ne mai kyau, ba za mu daina ba. Sai dai a jeji ba mai share gindin itace. Ganyen da ya zuba yana ruɓewa a wurin, ya zama taki, ya riƙe laima, ya rufe saiwoyi daga zafin Maris da Afrilu. A irin wannan ƙasa baurera take zama, a bakin kurmi ko gefen itace, inda rana take leƙowa ta wuce. Ba ta son inuwa mai duhu, gama a can sai ta yi ta miƙewa ba fure. Tsakar fili kuma, inda ƙasa take tsirara rana tana dukanta tun safe har la'asar, yana wahalshe ta. Abin da take so shi ne ƙafa a inuwa, kai a haske. Irin wannan wuri kuwa yana nan a kowace makaranta, shi ne wurin da muke cewa ba abin da zai yi a nan.

Baƙin da furen yake jira

Fure ba don idonmu aka yi shi ba. A aji mun koya cewa kafin tsiro ya ba da 'ya'ya, sai ƙurar fure ta tashi daga sashen namiji ta sauka a sashen mace. Gero da dawa da masara iska ce take yi musu wannan aiki. Kabewa da kankana da mangwaro kuwa sai ƙwari sun ɗauka sun kai. Wani babban rahoto da masana daga ƙasashe da yawa suka fitar a 2016 ya nuna cewa kimanin kashi 75 cikin 100 na ire-iren amfanin gona na duniya suna amfana da wannan hidima ta ƙwari da tsuntsaye, haka kuma kusan kashi 90 cikin 100 na tsire-tsiren jeji masu fure. Saboda haka maganar ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi ba maganar ado ba ce, maganar tukunyar miya ce.

Baurera abokin aikinta malam-buɗe-littafi ne, yadda suke yi kuwa darasi ne sukutum. A ƙarƙashin kunnuwan furen akwai sanduna shida da suka bazu kamar ƙafafun lema, kowace tana ɗauke da ƙurar fure a kanta. Sandar mace kuma ba ta miƙe ƙasa ba, ta karya kwana ta nufi gefe guda. Ruwan zaƙin yana gindin kowane kunne. Idan malam-buɗe-littafi ya zo sha, yana kaɗa fikafikai, sai fikafikan su shafi ƙurar. Wani bincike da aka yi a Afirka ta Kudu, aka buga a 2020, ya tabbatar cewa a fiffike ake ɗaukar ƙurar. Ya kuma nuna cewa sandar mace takan fuskanci wajen da yake a buɗe, wato ta inda baƙon zai ɓullo, domin ƙurar da ya kwaso daga wani fure ta riga sauka a kanta. Mun kai 'yan aji huɗu wurin da misalin ƙarfe goma na safe, muka ce kowa ya yi shiru ya duba. Abin da muka yi mako biyu muna zanawa a allo, cikin minti goma suka gane shi. Gani ya kori ji.

Amma fure kaɗai ba ya tara malam-buɗe-littafi. Kafin ya yi fiffike tsutsa ne, kowace tsutsa kuma da ganyen da take ci. Mai ruwan goro da baƙin baki, a tumfafiya yake ajiye ƙwai. Babban nan baƙi mai ɗigon rawaya, a ganyen lemo. Farare da masu ruwan ƙwai da suke yawa da damina, waɗansunsu a rai-ɗore da tafasa suke girma. Don haka muka bar tafasa da rai-ɗore a kusurwa ɗaya ta lambun, da tumfafiya guda a jikin katanga, muka kuma hana fesa maganin ƙwari a wannan gefe. Wanda yake son malam-buɗe-littafi, dole ya haƙura da ganye mai huji.

Yadda muka dasa ta

Ga masu so su gwada a gida ko a harabar majami'a, ga abin da muka bi.

Wuri: mun zaɓi gabashin itace, ɗan nesa da gindin, inda hantsi yake samunta, inuwa kuma ta rufe ta daga azahar. Gaban wurin mun bar shi a buɗe domin ƙwari su sami hanyar shigowa. Wanda yake da gawo ya yi sa'a, domin gawo da damina yake zubar da ganye, inuwarsa ba ta da nauyi a daidai lokacin da baurera take girma.

Ƙasa: tana son ƙasa mai rairayi wadda ruwa ba ya kwanciya a kai. Mun haɗa rairayi da ruɓaɓɓen ganye da tsohon takin awaki, muka ɗaga kunyar kamar taƙi ɗaya. Ruwan Agusta na Kano in ya kwanta a kan saiwar, ruɓewa za ta yi.

Dasawa: idon tsiron yana can ƙarshen kowane ƙaho na saiwar, guda ɗaya tak. In ya karye, wannan ƙahon ya tashi aiki. Don haka a riƙe ta kamar ƙwai. A kwantar da ita a kwance, zurfin santimita 5 zuwa 8, a bar tazarar santimita 30 tsakanin ɗaya da ɗaya. Lokacinta farkon damina ne, bayan ruwa ya zauna. Babban mutum ne zai yi wannan aiki, ya sa safar hannu ko leda, ya wanke hannu da sabulu in ya gama.

Abin hawa: a kafa sirāran rassa tun ranar dasawa, kada a jira sai ta fito, don kada a soke saiwar. Zaren ganyen ba ya iya kama abu mai kauri. Mun yi amfani da rassan sabara, muna duba su saboda gara. In ta kama, kada a ɓamɓare ta don a gyara mata hanya, karan yana da saurin karyewa.

Rani: wajen Oktoba ganyen zai yi rawaya ya bushe. Ba mutuwa ta yi ba, barci take. Tsohuwar saiwar ta ƙare, sabuwa ta maye gurbinta a ƙasa. A daina ba ta ruwa sam, a rufe wurin da busasshen ganye, a kafa alama don kada mai shara ko mai fartanya ya bi ta kai. Haka za ta kwana wata bakwai ko fi, da hunturu da bazara, ruwan fari ya tashe ta.

Iri: bayan fure takan yi kwanso mai ɗaki uku, in ya bushe ya tsage sai ka ga jajayen 'ya'ya. Ana shuka su, amma suna jinkirin tsirowa, sai kuma an yi shekara uku ko huɗu kafin a ga fure. Ɗan aji ɗaya da ya shuka bana, yana babban aji zai ga furensa. Sannu ba ta hana zuwa.

Muna roƙo da babbar murya, kada wannan rubutu ya sa kowa ya ɗauki magirbi ya nufi jeji. Dajin Falgore, mai nisan kimanin kilomita 150 kudu da Kano, wuri ne da hukuma ta keɓe, ba a taɓa kome a ciki. Namu saiwoyin daga gefen gonar wani ɗan'uwa suka fito, inda ake shirin sassabe, da ba a ɗauke su ba da garma ta gama da su. Wanda yake so ya jira iri daga lambun makaranta.

Maganar dafi

Yanzu mu komo ga tambayar iyaye. Gaskiya ne, baurera tana da dafi, ba kaɗan ba. Dukan jikinta, musamman saiwa da 'ya'ya, yana ɗauke da wani sinadari da ake kira kolcisin. Likitoci suna amfani da shi, a ma'auni ɗan ƙanƙani ƙwarai, don maganin wani ciwon gaɓoɓi mai suna gawut, shi ya sa manoma a Tamil Nadu suke noma ta gona-gona suna sayar da 'ya'yan ga kamfanonin magani. Amma tsakanin ma'aunin da yake warkarwa da wanda yake kisa tazarar ba ta da yawa, ba kuwa mai iya auna ta a gida. A Indiya da Siri Lanka an sha kai mutane asibiti, waɗansu sun rasu, domin sun ɗauka saiwar doya ce ko dankali. Alamun sukan fara bayan 'yan sa'o'i: zafi a baki da maƙogwaro, amai, zawo, ciwon ciki. Dafuwa ba ta kashe dafin. Dabbobi ma yana kashe su. Idan aka yi zaton wani ya ci, kada a tsaya ba shi manja ko madara ana jiran a gani. A kai shi asibiti nan take, a tafi da ragowar abin da ya ci. Mu nan Allah ya taimake mu, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana kusa, a kan hanyar Zariya. Kada kuma kowa ya karɓe ta a matsayin maganin gargajiya, ko wane ne ya ba shi.

To, in haka ne, don me ba za mu tumɓuke ta mu huta ba? Mun yi wannan tunani, muka zauna da shugaban makaranta da wakilan iyaye. Ga abin da muka faɗa musu. Yaranmu ba a cikin katangar makaranta za su ƙare ba. Da hutu suna zuwa ƙauye, suna bin 'yan'uwansu kiwo, suna tonon abin da suka gani. Waɗansu za su yi bautar ƙasa a wuraren da baurera take ko'ina. Mu da muka tashi a cikinta ba ta taɓa cin ɗayanmu ba, domin tun muna ƙanana aka nuna mana ita aka ce, wannan gatarin kurege ne, ba a kai shi baki. Waɗanda ta hallaka a wasu ƙasashe, yawancin masu kuskuren ba su san abin da suka tono ba ne. Rashin sani ya fi dare duhu. Ɗakin gwaje-gwajenmu ma akwai asid a ciki, ba mu zubar da shi ba. Mun kulle shi a kabad, muka rubuta suna a jikin kwalba, muka koya wa ɗalibai yadda ake mu'amala da shi.

Haka muka yi wa baurera. Mun kewaye kunyar da waya mai ƙofa, mabuɗin yana hannun malamin aikin gona. Mun kafa allo da sunanta na Hausa da na kimiyya, da gargaɗi da manyan baƙaƙe. Lambun yana nesa da wurin wasan ƙananan yara. Kwanson iri kuwa malami ne yake cire shi kafin ya tsage, domin jajayen 'ya'yan suna iya jan idon yaro. Kowane sabon aji ana kai shi a nuna masa furen da hoton saiwar kusa da doya da dankali, har kowa ya iya bambantawa. Ga iyalin da suke da masu rarrafe ko awaki a tsakar gida kuwa, shawararmu ita ce kada su dasa. Su zo su kalla a makaranta. Iyayen suka yarda da wannan tsari, muna kuwa gode musu, gama tambayarsu ce ta sa muka ƙara tsaro.

Ga ɗalibanmu masu fita

Ku da kuke barinmu bana, muna da roƙo ɗaya. In kun je gida, ku zauna da kaka ko wani dattijo, ku tambaye shi sunayen furannin da suke fitowa a gindin itatuwa: albasar kwaɗi, da rawaya mai fure bayan gobarar daji, da sauran waɗanda shi ya sani mu ba mu sani ba. Ku tambayi wanda ake ci da wanda ba a ci, ku rubuta a littafi, ku aiko wa ƙungiyar matasa manoma. Ku da kuka rage kuma, ran da aka ba ku tsintsiya, ku share ko'ina ƙal, amma gabashin tsamiya ku bar ganyen inda ya faɗi. Akwai mai barci a ƙarƙashinsa.

Muna godiya ga ɗaliban da suka ɗebo rairayi da taki, da maigadin makaranta wanda ya hana awakin unguwa shiga dukan damina. Allah ya kai mu wata daminar lafiya, amin.